Daga Zariya Zuwa Legas: Ta Kaduna, Ta Kano, Ko Ta Abuja?

Duk wanda ya taɓa zama a Palladan ko Hanwa ko Samaru ya san kukan ƙananan jiragen nan na makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Tun da sanyin safiya suke fara shawagi, su tashi, su zagayo, su sauka, su sake tashi, har kunne ya saba ya daina ji. Tun 1964 makarantar take nan, kuma da yawa daga cikin matuƙan da ke jan manyan jiragen ƙasar nan a sararin Zariya suka koyi aikin. Amma duk da haka, Bazazzagin da tafiya ta kama shi zuwa Legas ba shi da jirgin fasinja da zai hau a garinsu. Filinmu na koyo ne. Dole mutum ya shiga mota ya nufi ɗaya daga cikin filaye uku: na Kaduna, na Malam Aminu Kano a Kano, ko na Nnamdi Azikiwe a Abuja.

Kwanakin baya kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya aika aka kira ni bayan la'asar. Na same shi a zaure da takardar asibiti a hannu, an ba shi ranar ganin likita a Legas, Talata da ƙarfe goma na safe. Bai taɓa hawa jirgi ba sai na aikin Hajji, wanda hukuma ce ta tsara masa komai. Bayan mun gaisa ya ce, "Kai da kake yawan zuwa Ikko, wane filin jirgi ne ya fi kusa? Yaran nan sun duba mini a waya, wai Abuja awa ɗaya ce kawai."

Na ce, "Kawu, gaskiya suka faɗa muku, amma rabinta. Awa ɗayan nan daga Abuja take farawa, ku kuwa daga ƙofar gidan nan za ku fara."

Wannan amsar ita ce ginshiƙin duk abin da zan faɗa, sai dai tana bukatar a warware ta da lissafi, don zaɓin bai kai sauƙin da ake zato ba.

Mu fara da abin da wayar ke nunawa. Idan aka ja miƙaƙƙen layi a kan taswira daga filin Abuja zuwa filin Murtala Muhammed da ke Ikeja, kimanin kilomita 510 ne. Daga Kaduna kimanin 635. Daga Kano kimanin 835. Wato tsakanin mafi kusa da mafi nisa akwai ratar fiye da kilomita 300, abin da a mota zai ci wa mutum rabin wuni. A sama kuwa ba haka ba ne. Jirgin Abuja zuwa Legas yakan ɗauki awa ɗaya zuwa awa ɗaya da kwata, na Kaduna awa ɗaya da kwata ko ɗan fiye, na Kano kuma wajen awa ɗaya da rabi. Dalili kuwa, jirgin fasinja idan ya gama hawa ya daidaita yana cin kimanin kilomita 800 a awa, don haka ƙarin kilomita 300 bai wuce minti ashirin da ɗoriya ba. Sauran lokacin duk iri ɗaya ne ko daga ina ka taso: jan jiki zuwa bakin titin tashi, jiran izini, hawa, saukowa a hankali, wani lokaci da zagaye a saman Legas kafin a ba da hanya. Wannan kaɗai yana cinye kusan rabin awa a kowace tafiya, gajera ko doguwa.

To ka ga duk gardamar da ake yi a kan nisan sama, a kan abin da bai kai rabin awa ba ake yin ta. Wanda ya zaɓi filin jirgi saboda wannan ya bar jaki yana dukan taiki.

Akwai wani abu da ya daɗe yana tsaya mini a rai game da taswirar nan. Layin da ya haɗa Kano da Legas kusan ta saman Zariya ya ratsa. Mutum zai tashi da asuba, ya yi awa biyu da wani abu yana tafiya arewa, yana ƙara nesa da inda za shi, ya hau jirgi, cikin kamar kwata ɗaya da tashi ya dawo daidai inda ya baro. Daga Zariya kai tsaye zuwa Legas bai wuce kilomita 700 ba. Duk sanda na tuna da yawan malaman Jami'ar Ahmadu Bello da likitocin asibitin Shika da 'yan kasuwar Sabon Gari da ke wannan zagayen kowane mako, sai in ji lallai garin nan ya cancanci jirgin fasinja ko da sau uku ne a mako. Amma wannan zance ne na wata rana.

A ƙasa ake samun bambancin gaske, kuma a nan Kaduna ba ta da abokin karawa. Daga Zariya zuwa bakin Kaduna kilomita saba'in da 'yan kai ne, idan aka haɗa da hanyar filin jirgin a ce casa'in ko ɗan fiye. Ka fita ta Ɗan Magaji, ka wuce Jaji, Birnin Yero, Mararrabar Jos, Rigachikun. Abin da ya fi daɗi shi ne ba sai ka kutsa tsakiyar gari ba. Daga wajen Kawo za ka karkata ta Mando, ka bi ta gefen makarantar horar da hafsoshin soja da ke Afaka, sai ga kwanar filin jirgi. Idan hanya ta yi kyau, awa ɗaya da kwata zuwa awa ɗaya da rabi ta ishe ka. Filin ƙarami ne, ba hayaniya, ba dogon layi. Daga inda mota ta ajiye ka zuwa kantar awon kaya taku kaɗan ne, abin da ke da muhimmanci ga dattijo ko mara lafiya ko mace mai goyo. Wanda jirginsa zai tashi da azahar zai iya karyawa a gidansa, ya yi walaha, sannan ya kama hanya a natse.

Mun ɗanɗana daɗin filin nan sosai a 2017, lokacin da aka rufe titin jirgin Abuja na mako shida daga 8 ga Maris domin gyara, aka karkato da jirage zuwa Kaduna. Mutanen Abuja sun sha wahala, ana kwaso su a mota da jirgin ƙasa, amma mu a Zariya sai muka wayi gari da jirgin Legas kusan duk lokacin da muke so, a nesan awa ɗaya da rabi. Da aka buɗe Abuja a watan Afrilu, komai ya koma yadda yake. Sai kuma ga abin da ya faru ranar 26 ga Maris 2022, da 'yan bindiga suka kai hari gefen filin suka kashe mai gadi guda, kamfanoni suka janye jiragensu na wani lokaci. An dawo da zirga-zirga daga baya, amma har yanzu jiragen Kaduna ba su da yawa.

Wannan ƙarancin shi ne raunin Kaduna, kuma ba ƙaramin rauni ba ne. Inda jirgi ɗaya ko biyu ke tashi a wuni, idan naka ya samu matsala ba ka da na gaba. Na gani da idona wata shekara cikin hunturu. Na isa filin tun da hantsi, an auna jakata, an ba ni takardar shiga jirgi, na zauna. Ta gilashin ɗakin jira ba ka hango komai sai fari fat, ko itatuwan da ke bayan titin jirgin ba a gani. Aka ce jirgin da zai ɗauke mu bai ma baro Legas ba, ana jiran hazo ya ɗaga. Azahar ta yi, muka yi jam'i a ɗan masallacin da ke wurin. La'asar ta yi. Kusa da ni akwai wata baiwar Allah da ɗanta matashi, yana riƙe da farar ambulan a ƙirji kamar za a ƙwace masa, washegari da safe yake da ganawar neman biza. Duk bayan 'yan mintuna sai ta ce, "Ɗan nan, je ka sake tambayowa." Ya je ya dawo ya ce, "Umma, sun ce a ƙara haƙuri." Dab da magariba aka sanar da cewa an soke tashi sai gobe. Na ga yadda ta sunkuyar da kai tana salati a hankali. A lokacin hanyar Abuja ba ta biyuwa da dare, Kano kuma ta yi nisa, ko an je ma hazon ɗaya ne. Ni taro ne kawai na rasa, aka ɗaga mini. Su ban san yadda suka ƙare ba, kuma har yau nakan tuna da yaron nan da ambulan ɗinsa.

Tun daga ranar na sa wa kaina doka: ba na bin Kaduna a ranar da ta rage kwana ɗaya tak ga abin da ba ya ɗaguwa. Idan da sarari, ko ziyara ce, ko harkar kasuwa da za ta iya jira, to Kaduna nake fara dubawa kafin ko'ina, don babu inda ya kai ta sauƙi ga jiki da aljihu.

Kano kuma wani lissafi ne. Hanyar daga Zariya zuwa bakin Kano kilomita 137 ce a ma'aunin aikin titin da aka yi, idan ka haɗa da ratsa gari zuwa filin jirgi ka doshi 150. Daga Kwangila ka miƙe, Tashar Yari, Kwanar Ɗangora, Ciromawa, Kura, Gadar Tamburawa, sai Na'ibawa. Tun da aka gyara wannan ɓangaren tafiyar ta yi sauƙi ƙwarai, direba mai natsuwa yakan kai Na'ibawa cikin awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu. Sai dai isa Na'ibawa ba isa filin jirgi ba ne. Kai daga kudu ka shigo, filin kuwa yana arewacin gari, bayan Sabon Gari. Sai ka bi ta Unguwa Uku da Gyaɗi-gyaɗi da Dangi ka keta birnin, cikin 'yan a-daidaita-sahu da manyan motoci. Da asuba wannan ba ya wuce minti ashirin da biyar. Da hantsi, lokacin da 'yan makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwar Kantin Kwari suka fito, ko da yamma lokacin tashi daga kasuwa, yana iya cin kusan awa guda. Mutane da yawa a nan suke rasa jirgi, ba a babbar hanya ba. Don haka ni awa biyu da rabi nake ware wa Kano, idan kuma tafiyar ta faɗo a lokacin cunkoso ko ranar Juma'a, in sa uku.

Abin da kake saya da wannan ƙarin awa ɗayar shi ne kwanciyar hankali. Filin Kano tsoho ne, shi ne mafi daɗewa a ƙasar nan. A 1925 jiragen sojan Birtaniya suka sauka a Kano daga Masar, kuma daga nan ake ƙirga tarihin jirgin sama a Najeriya, filin kansa ya fara aiki a 1936. Kamfanoni da dama ke zuwa, akwai jirgin Legas da safe, akwai da rana ko da yamma, ga kuma na Abuja wanda idan ta ɓaci za ka iya bi ka canja. Idan na wani kamfani ya lalace, kana iya tsallakawa kantar da ke kusa ka nemi kujera a na wani, ko da za ka ƙara kuɗi ka bi sawun naka daga baya. Kuma Kano gida ce ga kusan kowane Bazazzagi. Da wuya ka rasa ɗan'uwa ko aboki da za ka kwana wurinsa idan jirgin na sassafe ne, ko idan an ɗaga shi zuwa gobe.

Maganar jirgin sassafe tana bukatar a ɗan tsaya a kanta. Jirgin farko na safe shi ya fi tashi a kan lokaci, saboda sau da yawa a filin ya kwana, ba ya jiran ya dawo daga wani gari. Jirgi guda yakan yi sawu huɗu ko biyar a wuni, kuma duk jinkirin da ya samu a sawun farko yana bin sa har dare yana ƙaruwa, shi ya sa jirgin yamma ya fi yawan makara. To amma jirgin ƙarfe bakwai na safe a Kano yana nufin ka kasance a filin ƙarfe biyar da rabi zuwa shida, wato ka bar Zariya wajen ƙarfe uku na dare. Ban ba kowa shawarar haka ba. Gara ka tafi da yammacin jiya ka kwana a can. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Sai Abuja, wadda ta ruɗi yaran gidan Kawu. A sama ita ce mafi kusa da Legas, a ƙasa ita ce mafi nisa da mu, nesa ba kusa ba. Sai ka yi duk tafiyar Kaduna, ka kewaye garin, sannan ka fuskanci kilomita 165 zuwa Zuba, ta Kateri da Jere da Tafa da Sabon Wuse, daga Zuba kuma ka karkata ta Giri zuwa filin jirgi. Jimilla ba ta gaza kilomita 270 ba. Wannan ɓangaren na Kaduna zuwa Abuja shi ne ya fi daɗewa ana aikinsa tun da aka fara gyaran hanyar a 2018, kuma duk wanda ya saba bin ta ya san yadda tirela ɗaya idan ta faɗi a inda aka haɗe hannu za ta tsayar da mutane awanni. Ranar sa'a awa huɗu da rabi, ranar da ba sa'a sai abin da Allah ya yi. Ba hanyar da za ka ɗaura wa jirgin da ke da ƙayyadadden lokaci ba ce, sai ka ba ta rata mai yawa.

Akwai jirgin ƙasa, wanda aka buɗe a 2016, daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa Idu a Abuja, kilomita 186. Ya tsaya na watanni bayan harin 28 ga Maris 2022, ya dawo a watan Disamban shekarar. Yana hutar da jiki, kana zaune cikin sanyi ba ka tunanin rami ko tirela, kuma daga Idu akwai ƙaramin jirgin ƙasa na cikin birni da ke zuwa filin jirgin sama, ko ka ɗauki tasi. Amma duba sarƙar da ka ƙulla: mota daga Zariya zuwa Rigasa, wadda sai ka ratsa cikin Kaduna kafin ka kai, jiran jirgin ƙasa, tafiyar awa biyu da rabi zuwa uku, sannan daga Idu zuwa filin jirgi. Gaɓa huɗu ke nan, ko wacce ta tsinke sauran sun zube. Ga shi sawun jirgin ƙasan kaɗan ne a wuni, tikitinsa kuma sai an saya da wuri ta intanet. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To me ya sa har yanzu wasu ke bin Abuja, ni ma wani lokaci nake bi? Saboda tsakanin Abuja da Legas ita ce hanyar sama mafi yawan zirga-zirga a ƙasar nan. Tun safe har dare jirage ke tashi, kusan kowane kamfani yana da sawu fiye da ɗaya. Idan ka rasa na ƙarfe biyu akwai na uku, akwai na biyar. Yawan kujerun kan sa a samu tikiti mai ɗan sauƙi, musamman ga wanda ya saya da wuri. Kuma idan ba Legas za ka ba, Fatakwal ce ko Inugu ko Kalaba ko Uyo, to daga Kano ko Kaduna ma galibi sai an bi da kai ta Abuja ko Legas ka canja jirgi, don haka tafiya Abujar kai tsaye tana iya zama mafi ma'ana. Haka idan kana da wata hidima a Abujar da za ka haɗa, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Yanzu a tara lissafin daga ƙofar gida zuwa saukar jirgi a Ikeja, a sa awa ɗaya da rabi na jira a kowane fili, tunda kamfanoni kan rufe kantar awon kaya tun jirgi bai kusa tashi ba. Ta Kaduna: awa ɗaya da rabi a hanya, ɗaya da rabi a fili, ɗaya da kwata a sama, awa huɗu da kwata ke nan. Ta Kano: biyu da rabi, ɗaya da rabi, ɗaya da rabi, awa biyar da rabi. Ta Abuja: huɗu da rabi idan hanya ta yi kirki, ɗaya da rabi, ɗaya da 'yan mintuna, ya haura awa bakwai. Filin da wayar ta nuna a matsayin mafi kusa shi ne ya zo na ƙarshe, da ratar kusan awa uku tsakaninsa da Kaduna.

Kuɗi ma haka ake lissafa shi. Mutum zai ga tikitin Abuja ya fi na Kano sauƙi ya yi murna, ya manta da kuɗin mota. Wanda zai shiga motar haya daga tasha, bambancin ba shi da yawa, amma motar haya sai ta cika take tashi, kuma a tasha za ta sauke ka ba a filin jirgi ba, sai ka sake neman abin hawa da kayanka. Wanda zai ɗauki shata, ko ya sa a kai shi da motar gida, ya tuna man zuwa da dawowa zai zuba. Zuwa Abuja da dawowa ya haura kilomita 540, Kano kimanin 300, Kaduna kimanin 180. Idan aka ƙara da kwanan otal, sau da yawa rarar da aka samu a tikiti ta tafi har da ƙari. Araha ba ta ado. Idan kuna da yawa, kamar iyali ko ayarin biki, lissafin yana canjawa, don rangwamen kowane tikiti yana ninkuwa alhali motar ɗaya ce.

Lokacin shekara ma yana da ta cewa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan ƙurar hamada ta sauko, Kano da Kaduna suna daga cikin filayen da suka fi shan hazo, kuma matuƙi ba zai sauka a titin da ba ya gani ba. Abuja ma tana samu, amma da yake jiragenta suna da yawa, da zarar sama ta washe ana saurin kwashe mutane. Da damina kuma hadarin yamma ne ke tsayar da jirgi, a Legas ko a nan, sai dai shi awa ɗaya ko biyu ne ya wuce, ba kamar hazo ba da kan kwana uku bai ɗaga ba. A watannin hunturu duk wanda ke da abu mai muhimmanci ya ƙara kwana ɗaya a kan lissafinsa, ko ta ina zai bi.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne dawowa. Ana zuba hankali a kan tafiya, a sayi tikitin dawowa na yamma don a samu wuni guda a Legas. Jirgin da aka rubuta zai sauka Kano ƙarfe bakwai na yamma, ya makara ya sauka goma na dare, me za ka yi? Ko ka kwana, ko ka hau hanyar Zariya da tsakar dare. Idan Abuja ce ma babu zancen kama hanya. Saboda haka ni nakan raba: in tafi ta inda ya fi tabbas, in dawo ta inda ya fi kusa da gida, kuma da jirgin safe ko na rana. Babu dokar da ta ce ta inda ka fita ta nan za ka shigo, sai fa idan ka bar motarka a can. Tafiya ta Kano, dawowa ta Kaduna, ita ce haɗin da ya fi yi mini daidai, don a dawowa idan an ɗaga jirgi kwana ɗaya asarar ba ta kai ta tafiya ba.

A can Legas kuma, a duba tikiti da kyau, domin jiragen cikin gida gine-gine biyu suke amfani da su a Ikeja, tsoho da sabon da aka buɗe a 2007, ɓangaren ƙasashen waje kuma yana can gefe guda, sai an shiga mota. Wanda zai tarye ka ya san a wanne za ka fito. Kuma daga Ikeja zuwa cikin tsibiri ko Apapa a lokacin cunkoso yana iya fin zaman da ka yi a jirgi tsawo.

Idan tafiyar ta gabas ce, Umara ko neman magani a Masar, to taswirar juyawa take yi gaba ɗaya. Yanzu Kano ce a gaba: daga Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne a miƙe, daga Kaduna kimanin 3,600, daga Abuja kusan 3,700. A da tafiyar awa huɗu da rabi zuwa biyar ce, amma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma yin zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo. A kuma tuna Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, don haka lokacin sauka da ke jikin tikiti agogonsu ne ba namu ba. A wannan tafiyar Bazazzagi ba shi da dalilin wuce Kano, tunda ga kusanci a ƙasa, ga jiragen Saudiyya, ga masu bi ta Alƙahira da Addis Ababa, sai dai idan kamfanin da ya shirya masa tafiyar daga Abuja ya yanka masa. Mahajjatan hukuma kuwa ba su da zaɓi, inda aka ce su hallara nan za su, kuma mutanen jiharmu sun san sansanin alhazai na Mando.

Da na gama zayyana wa Kawu duk wannan, ya yi shiru yana juya takardar asibitin. Can ya ce, "To ni yanzu wanne za ka zaɓa mini?"

Na ce, "Kawu, ganin likitan nan wata biyu kuka jira kafin a ba ku rana. Ba za mu bar shi a hannun jirgi ɗaya ba. Ku tafi Kano ranar Lahadi bayan azahar, ku kwana gidan Yaya a Gyaɗi-gyaɗi, ku hau na safiyar Litinin. Idan wani abu ya faru akwai na yamma, idan shi ma ya ƙi, akwai ta Abuja. Dawowa kuma sai mu nema muku na Kaduna ranar Alhamis, in zo da kaina in ɗauke ku."

Ya ce, "Kwana biyu ke nan kafin ranar, don tafiyar awa ɗaya da rabi?"

Na ce, "Haka ne, Kawu."

Ya gyaɗa kai, ya kira ƙaramin ɗansa ya ce ya kawo masa katin shaidarsa daga aljihun babbar rigar da ke rataye a ɗaki, don sunan da za a rubuta a tikiti ya zo daidai da wanda ke jikin katin. Muna cikin cike bayanan a waya aka kira magariba a masallacin ƙofar gida, muka ajiye muka tashi alwala.